Ƙwayoyin tushe a tiyatar ɗan tayi: me gwajin Kalifoniya ya tabbatar, me ya rage?

A farkon 2026 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon matakin farko na wani gwaji da ake yi a asibitin Jami'ar Kalifoniya reshen Davis, da ke birnin Sakaramento a Amurka. Mata shida masu ciki aka yi wa tiyata, aka buɗe mahaifa, aka rufe tsagar da ke bayan ɗan tayin, amma kafin rufewar sai aka shimfiɗa wani faci mai ɗauke da ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗewa zuwa wasu nau'o'i, a kan lakarsa. Duk jariran shida an haife su, kuma likitocin sun ce ba su ga wata illa da za a ɗora wa ƙwayoyin ba.

Da labarin ya shiga kafafen sada zumunta sai ya sauya kama. Wasu suka ɗauka an samo maganin shanyewar ƙafafun yara tun daga ciki, wasu suka ce ai an fara gwada ƙwayoyin jarirai a jikin jarirai. Dukansu sun kauce. Gwajin na auna illa ne, kuma fahimtar abin da wannan kalma take nufi a aikin bincike ita ce mabuɗin labarin gaba ɗaya.

Larurar kanta

Likitoci na kiranta sipina bifida, kalmomin Latin ne da ke nufin ƙashin baya da ya tsage biyu. A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yakan fara ne a shimfiɗe, sannan ya naɗe ya zama kamar bututu, ya rufe ruf wajen kwana 28 da shigar ciki. Idan wani wuri bai rufe ba, ƙasusuwan baya da fatar da ya kamata su lulluɓe wurin su ma ba za su haɗe ba. A nau'in da ya fi tsanani, laka da jijiyoyi kan leƙo waje cikin wani ƙunshi mai kama da jaka, galibi a ƙasan baya kusa da ƙugu. Wannan nau'in ne gwajin ya shafa.

Abin da ke biyo baya ya danganta da inda tsagar take. Jijiyoyin da ke ƙasa da ita su ne ke lalacewa, don haka yaro kan rasa ƙarfi ko ji a ƙafafu, ya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Akwai kuma matsala ta biyu a can sama. Ruwan da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka yana yoyo ta tsagar, sai ƙasan ƙwaƙwalwa ya zame zuwa cikin ramin wuya ya toshe hanyar ruwan. Daga nan ruwa ya taru, kan jariri ya yi ta girma. Maganin da aka saba shi ne a dasa siririn bututu daga kai zuwa ciki ya riƙa kwashe ruwan, bututun da kan toshe ko ya kamu da ƙwayoyin cuta, a sake tiyata, wani lokacin sau da yawa a rayuwar mutum guda.

A Amurka ana haifar jarirai kimanin 1,400 da wannan larura duk shekara.

Dalilin shiga cikin mahaifa

Da can ana jiran a haihu ne, sai a rufe bayan cikin kwana biyu ko uku don kada cuta ta shiga. Har yau haka ake yi a mafi yawan duniya. Amma masu bincike sun lura cewa ɓarnar kashi biyu ce. Ta farko rashin rufewar. Ta biyu kuwa tana faruwa a hankali tsawon watanni: lakar da ke buɗe tana jiƙe cikin ruwan mahaifa, wanda ke ƙara yi mata lahani yayin da ciki ke tsufa, tana kuma gogar bangon mahaifa. An sha ganin ɗan tayi yana motsa ƙafafu a hoton ciki na wata biyar, amma a haife shi ba ya motsa su. Tunanin da ya biyo baya a fili yake: a rufe da wuri, a tsirar da abin da bai riga ya lalace ba.

An fara irin wannan tiyata a ƙarshen shekarun 1990, amma ba a san ko ribarta ta kai haɗarinta ba sai da aka yi babban gwajin da ake kira MOMS. Asibitoci uku a Amurka suka yi shi, na yara da ke Filadelfiya, na Jami'ar Vanderbilt, da na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko. An fara a 2003, mata 183 suka shiga, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu a yi wa ɗansu aiki kafin mako na 26, wasu a jira haihuwa. An tsayar da gwajin kafin ya kai adadin da aka tsara saboda bambancin ya riga ya bayyana, aka buga sakamakon a 2011. Cikin waɗanda aka yi wa aiki a ciki, kashi 40 cikin ɗari ne aka sa wa bututun kai, alhali a ɗaya rukunin kashi 82 ne. A wata 30 da haihuwa, kashi 42 na rukunin farko suna tafiya ba tare da wani abin dogarawa ba, a na biyu kashi 21.

Ribar ta zo da farashi, kuma uwa ce ta fi biya. Jariran da aka yi wa aiki a ciki an haife su ne a matsakaicin mako 34, ɗaya rukunin kuwa a mako 37, kuma kusan kashi 13 cikin ɗari sun zo kafin mako na 30, bakwainin da ke buƙatar kulawa ta musamman. Akwai fashewar faya kafin lokaci. A kusan kashi ɗaya cikin uku na matan, an tarar wurin da aka yanka a mahaifa ya yi sirara ko ya fara buɗewa lokacin haihuwa. Matar da aka yi wa wannan aiki ba ta ƙara haihuwa da kanta, duk cikin da za ta yi nan gaba sai an ciro shi kafin naƙuda.

Sannan ga lissafin da ya tsaya wa likitocin a rai: in kashi 42 suna tafiya, kashi 58 ba sa yi. Ɗinki ya hana ƙarin ɓarna, bai gyara wadda ta riga ta auku ba. Diana Farmer, likitar tiyatar 'yan tayi da ke cikin waɗanda suka gudanar da MOMS, ita ce daga baya ta koma Davis ta haɗa kai da Aijun Wang, masanin haɗa kayan gyaran jiki, don neman abin da za a ƙara a kan ɗinkin.

Waɗanne ƙwayoyi ne, daga ina?

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin jikin da ba su gama zaɓar sana'a ba, suna iya hayayyafa su kuma rikiɗe zuwa wasu nau'o'i. Iri-iri ne, kuma cakuɗa su wuri guda shi ne tushen yawancin ruɗanin. Akwai waɗanda ake cirowa daga tayin kwanaki kaɗan, su ne aka daɗe ana taƙaddama a kansu ta fuskar addini da ɗa'a, su ne kuma suka fi iya rikiɗewa zuwa komai, har da ƙari. Akwai na ɓargo, waɗanda masu sikila suka sani, domin dashen ɓargo dashen ƙwayoyin tushe ne, kuma an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011.

Na gwajin Davis daga mabiyiya ake samo su, wato abin da ke biyo jariri bayan haihuwa, wanda a ƙasar Hausa ake wankewa a binne. Masu bayarwa ne suke ba da mabiyiyar, a tace ƙwayoyin a ɗakin gwaji mai tsananin tsafta, a binciki ko suna ɗauke da cuta, a adana su. Idan an sa ranar tiyata, sai a raine su a kan wani faci da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta riga ta amince da shi don rufe fatar laka. Shirya facin kan ɗauki kwana huɗu. A ranar aikin, wajen mako na 25 na cikin, ana sa uwa barci, a buɗe ciki da mahaifa, a juyo da bayan ɗan tayin daidai wurin yankan, a ɗora facin kai tsaye a kan lakar, a rufe fata, a mayar da ruwa, a ɗinke. Tiyatar farko ta ɗauki tawagar mutum kusan 40.

Wani abu da yawancin rahotanni suka tsallake: ba a sa ran ƙwayoyin nan su zama sabbin jijiyoyi. Abin da gwajin dabbobi ya nuna shi ne suna fitar da sinadaran da ke kare jijiya daga mutuwa, su rage kumburi, su taimaki warkewa, sannan su ɓace bayan wani lokaci. Aikinsu ya fi kama da taki a gonar da shukarta ta fara ƙishi fiye da sabon iri.

Kafin a zo kan mutum an shafe shekaru fiye da goma ana gwadawa a dabbobi, musamman tumaki, saboda girman tayinsu ya yi kusa da na mutum. Ana yi wa tayin tunkiya tsagar da gangan, daga baya a koma a gyara. A wani rahoto na 2015, huɗu cikin 'yan raguna shida da aka sa wa ƙwayoyin sun tashi sun yi tafiya, waɗanda ba a sa wa ƙwayoyin ba kuwa babu wanda ya yi. An kuma gwada a wasu karnukan Ingila da aka haifa da larurar. Amma tsagar da wuƙa ta yi a tsakiyar ciki ba daidai take da wadda ta samu tun kwana 28 ba, kuma masu binciken da kansu sun san wannan giɓi.

Me ake nufi da gwajin illa?

Sabon magani kan bi matakai. Na farko mutane kaɗan ne, tambayarsa ita ce: za a iya yin abin, kuma yana cutarwa? Na biyu ya ƙara yawan mutane ya fara duba alamun amfani. Na uku shi ne babba, inda ake kwatanta sabon da tsohon, galibi ta ƙuri'a, kamar yadda aka yi a MOMS. Gwajin Davis, wanda aka raɗa wa suna CuRe, ya fara a 2021 da izinin hukumar magunguna ta Amurka da tallafin dala miliyan 9 daga cibiyar CIRM, wadda masu zaɓe a Kalifoniya suka kafa a 2004 don binciken ƙwayoyin tushe. Abin da aka buga yanzu matakin farko ne.

Abubuwan da aka sa wa ido takamaimai ne. Ko ƙwayoyin za su hana ciwon warkewa har ɗinki ya buɗe. Ko ruwan laka zai riƙa yoyo. Ko za su shigo da cuta cikin mahaifa. Ko za su yi girman da ba a so su zama ƙari a kan laka. Ko kuma za su ɓata ribar da tiyatar ke bayarwa tun asali, wato komawar ƙasan ƙwaƙwalwa mazauninsa. A jariran shida ba a ga ko ɗaya daga waɗannan matsaloli ba lokacin haihuwa, kuma hoton MRI, na'urar da ke nuna cikin jiki, ya nuna ƙwaƙwalwar ta koma wurinta a dukansu.

Tsoron ƙari ba na banza ba ne. A 2009 likitoci a Isra'ila sun ba da rahoton wani yaro da aka yi wa allurar ƙwayoyin jijiya na tayi a wani asibiti a Mosko, bayan shekaru aka tarar da ƙari a ƙwaƙwalwa da lakarsa, kuma bincike ya nuna daga ƙwayoyin da aka zuba masa ne. A 2017 aka buga labarin mata uku a jihar Florida ta Amurka da idanunsu suka lalace bayan an yi musu allurar ƙwayoyin da aka tato daga kitsen jikinsu. Ƙwayoyin mabiyiya ba irin na yaron Mosko ba ne, kuma nau'insu an gwada shi a manya da yawa ba tare da an san shi da haddasa ƙari ba. Sai dai jikin ɗan tayi wuri ne da komai ke girma da sauri, garkuwarsa kuma ba ta nuna ba, don haka abin da aka gani a manya ba ya wadatarwa.

Iyakar mutum shida

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya. A ɗauka akwai wata illa da ke samun jariri ɗaya cikin kowane goma. Yiwuwar a yi wa shida a jere ba a ci karo da ita ba ya ɗan haura rabi, kusan kashi 53 cikin ɗari. In kuwa ɗaya cikin ɗari take samu, kusan tabbas ne ba za a gan ta a shida ba. Abin da sakamakon ya kore shi ne illa mai yawan aukuwa, mai saurin bayyana. Wannan ya isa hukuma ta ce a ci gaba, kuma dama don haka aka yi matakin.

Lokaci ma iyaka ne. Yaron Mosko ya yi shekaru huɗu kafin a gano ƙarinsa. Akwai kuma matsalar da aka sani a yaran da aka yi wa aikin baya, inda laka ke mannewa da tabo, yaro na tsawo tana jawuwa, alamun su fito shekaru bayan haihuwa. Ko ƙwayoyin za su rage wannan ko su ƙara shi, sai yaran sun girma.

Batun komawar ƙwaƙwalwa kuma, labari ne mai daɗi, amma tiyatar kaɗai ma tana yin hakan, kamar yadda MOMS ya nuna. Ba a raba matan shida ta ƙuri'a da wasu da aka yi wa ɗinki zalla ba. Haka nan in an nuna bidiyon yaro guda yana tafiya, tilas a tuna cewa huɗu cikin goma na yaran MOMS sun yi tafiya babu ƙwayar tushe ko ɗaya. Tsayin tsagar ma yana da tasiri: yaron da tasa take can ƙasa ya fi wanda tasa take sama damar tafiya, ko me aka yi masa.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon baya suna cewa an riga an buɗe mahaifa, uwa ta riga ta ɗauki haɗarin mafi girma, ƙara faci mai ƙwayoyi ba ya tsawaita aikin sosai, don haka in akwai damar ƙara yawan masu tafiya da masu riƙe fitsari, rashin gwadawa shi ne asara. Suna kuma nuni da cewa an bi ƙa'ida daki-daki, daga tumaki zuwa izinin hukuma zuwa kwamiti mai zaman kansa da ke duba lafiyar mahalarta.

Masu taka-tsantsan ba su musanta wannan ba. Damuwarsu ita ce yadda za a tabbatar da amfanin. Gwajin an tsara shi ya kai mata 35, kuma da irin wannan adadi, in ba ƙuri'a, bambanci sai ya yi girma sosai kafin a yarda ƙwayoyin ne suka kawo shi. Asibitoci sun ƙware a tiyatar fiye da zamanin MOMS, to in yaran yau sun fi na wancan lokaci tafiya, ƙwarewa ce ko ƙwayoyi? Akwai kuma likitocin da suka koma yin aikin ta ƙananan huda da na'urar leƙe maimakon tsaga mahaifa, hanyar da ke ba wasu mata damar haihuwa da kansu. A wurinsu, duk wani ci gaba da ya dogara da babban yanka yana tafiya ne a kishiyar inda fannin ya dosa, sai in an nuna za a iya shigar da facin ta hudar.

Masana ɗa'ar likitanci suna tsayawa ne a kan amincewar uwa. Mace ta ji labari mai nauyi a wata na biyar, makonni kaɗan gare ta ta yanke shawara, ga wani abu sabo da ake cewa ya sa raguna tafiya. Da wuya ta ji kalmar gwaji kamar yadda mai bincike yake nufinta. Wasu manya masu larurar kuma suna tuna wa likitoci cewa tafiya ba ita ce kaɗai ma'aunin rayuwa ba. Da yawansu sun fi damuwa da fitsari, ƙoda da gyambon zama, abubuwan da ba a iya aunawa a jariri.

Abin da ya shafi iyalai a ƙasashenmu

Ba a sayar da wannan magani a ko'ina. Yana cikin gwaji, ga matan da suka cika sharuɗɗa masu tsauri, kuma lokacin ƙanƙane ne: a gano larurar a hoton ciki wajen mako na 18 zuwa 22, a yi aikin kafin na 26. Ana buƙatar hoton MRI na ɗan tayi, ɗakin rainon ƙwayoyi, da sashen bakwaini mai ƙarfi. Ga macen da ke sa ran haihuwa da yawa kuma take nesa da asibitin da zai iya ciro jariri cikin gaggawa, tabon da tiyatar ke bari a mahaifa haɗari ne na rai a kowane ciki na gaba.

Ba a kuma gwada shi a yaron da aka riga aka haifa ba. Wannan ya shafi tallace-tallacen garin sha da allurai masu laƙabin sitem sel, wato ƙwayoyin tushe da Turanci, da ke yawo a WhatsApp da Facebook, waɗanda kan ɗauki irin wannan labari su liƙa a kan hajarsu. Ƙwayoyi masu rai ba sa zama a cikin leda a kan kanta, kuma abin da aka haɗiye ba ya isa laka a matsayin ƙwaya.

Ga jaririn da aka haifa da ƙunshi a baya, abin da ke da tabbas shi ne a rufe wurin da tsaftataccen bandeji, kada a matsa ko a shafa masa komai, a kwantar da shi rubda ciki ko ta gefe, a garzaya asibitin da ke da likitocin ƙwaƙwalwa da laka, irin asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Zariya, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Jinkirin kwanaki shi ke buɗe ƙofar sanƙarau. Game da ruwan kai, wata dabara da likita Benjamin Warf ya inganta a asibitin yara na Mbale a Uganda tana buɗe wa ruwan hanya ta cikin ƙwaƙwalwa, ta raba yara da dama da dogaro da bututu.

Rigakafin kuwa ya girmi duk wannan bincike. Wani gwaji da majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta buga a 1991 ya nuna folik asid, wani nau'in bitamin, ya rage sake aukuwar irin wannan larura da kusan kashi 70 cikin ɗari a matan da suka taɓa samunta a ciki na baya. Shawarar da aka tsayar ita ce maikrogiram 400 kullum ga macen da za ta iya ɗaukar ciki, da adadi mafi yawa bisa umarnin likita ga wadda ta taɓa haifar mai larurar. Amurka ta wajabta zuba shi a garin hatsi tun 1998. Matsalar a wurinmu lokaci ce: ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ake bayarwa a wurin awo tana isa hannun mace a wata na huɗu ko na biyar, alhali bututun lakar ɗan tayin ya rufe ko ya kasa rufewa kafin ma ta tabbatar ta yi ɓatan wata. Mai ciwon suga, da mai shan maganin farfaɗiya na valproate, suna da ƙarin haɗari, kuma tasu maganar da likita kafin ciki ya shiga take da amfani.

A Davis, tsarin gwajin shi ne a duba kowane yaro a wata 30 a ga tafiyarsa da yadda yake sarrafa fitsari da bayan gida, sannan a ci gaba da bibiyarsa har ya cika shekara shida. Jaririyar farko da aka yi wa aikin an haife ta a watan Satumba na 2021, za ta kai wannan shekarun a 2027. Waɗanda ake ɗauka a mataki na biyu kuwa, nasu awon na wata 30 yana gaba.